Abin da Na Gani a Ƙasan Takardar Tela

Shekarar da na gama karatun shari'a na shiga biro, wato ofishin wani babban lauya a unguwar Kalley, don koyon aiki. Metir muke ce masa, kamar yadda ake ce wa kowane lauya a Yamai. Ya haura shekara talatin yana aiki, kusan duka a kotun ɗaukaka ƙara. Shari'ar farko ba ta dame shi ba, yana cewa hayaniya ta yi mata yawa. Shi dai a kawo masa hukuncin da aka riga aka yanke, ya zauna da shi har ya gano wuri guda da alƙali ya yi tuntuɓe. Kuma yana da wata ƙa'ida tasa: ba ya shigar da ƙara sai ya samo wurin nan, don ba ya son jan talaka zuwa kotu a banza.

Ni kuwa in ya ba ni rubutu, sai in jero hujja takwas ko tara, kowace da "mai yiwuwa" a gabanta. Shi ya sa ya laƙaba mini Malam Wataƙila. Ban ji haushi ba, ina jin sunan ya dace.

Bayan shari'a, abu biyu yake so: sauraren kokowa a rediyo, da lambunsa na ƙetaren kogi, inda yake auren mangwaro, wato ɗaura reshen wani iri a jikin wani. Ranar Asabar nakan raka shi in riƙe masa ƙananan rassan da zai ɗaura. A can na fara lura da cewa ba ya duban reshe, shafa shi yake da yatsa kafin ya yanka. A biro ma ya koma cewa in karanta masa dosiye, wato takardun ƙara, da babbar murya, wai yana son jin yadda Faransancina ke fita. Ni da sakatariyarsa duk mun gane idonsa ne ke mutuwa. Ba wanda ya furta.

Ana haka wani tela mutumin Tawa ya zo. Mahaifinsa ya sayi ɗan gida a Kalley tun da daɗewa, a nan telan yake zaune da iyalinsa, a zaure kuma yake ɗinki. Jikokin wanda ya sayar suka ce ba sayarwa aka yi ba, kotun farko ta ba su gaskiya. In ba a ɗaukaka ƙara cikin wa'adi ba, gidan ya tafi.

"Yaushe aka kawo maka takardar hukuncin?" in ji Metir.

"Juma'ar nan da ta wuce na gan ta, ranka ya daɗe."

"To akwai lokaci. Kai da ɗinkin Salla kake ce wa mutane gobe-gobe, yau kai ma za ka ɗanɗana jira."

Tela ya yi dariya ya ce, "Wallahi Metir, in kuka ceto mini gidan nan, babbar rigarku ba za ta kwana biyu a hannuna ba."

Na karanta wa Metir takardar. A ƙasanta akwai ɗan rubutun hannu na ma'aikacin da ya kai ta, ƙanana ƙwarai kuma a karkace, sai na tsallake shi. Bayan kwana uku, ina jera dosiyen, na tsaya na karanta shi da kyau. An kai takardar ne kwana goma kafin Juma'ar da tela ya faɗa, matarsa ta karɓa, shi yana Tawa wajen ta'aziyya. Yadda aka koya mana, daga ranar da aka kai ake fara lissafin wa'adi. Ke nan lokacin da ya rage mana bai kai yadda Metir ke zato ba.

Na yi ta juya maganar a raina. Wataƙila akwai wata doka da ban sani ba, mutum mai shekara talatin a aiki ba zai rasa ta ba. In kuma na ce, "Ga abin da ke rubuce," kamar na ce masa ba ya gani ne, mutumin da ya yi sa'an mahaifina. Akwai dalili na uku da na fi jin kunyarsa: sai na amsa cewa ni na tsallake layin.

Ranar Asabar a lambu na yi ƙoƙari. Yana ɗaure reshe da tsinken leda, rediyo na rataye a jikin itace.

"Metir, game da dosiyen tela, ina ganin wataƙila da mun shigar da wuri kaɗan. Ko da yake ku kuka fi sani."

"Me ya faru?"

"A'a, ba komai sosai. Don dai a samu kwanciyar hankali."

"Malam Wataƙila ke nan! Kai ko Aljanna aka buɗe maka sai ka tambaya ko an sa hannu a takarda. Miƙo wuƙar."

Na miƙa masa. Na ce wa kaina ai na faɗa.

Ya samo tuntuɓen alƙalin kuwa, kuma a iya sanina hujja ce mai ƙarfi. Muka shigar da ƙara cikin wa'adin da shi ya lissafa. Ranar zama, lauyan ɗaya ɓangaren bai ɓata lokaci ba, ya ɗaga takardar ya karanta layin nan na ƙasa. Kotu ta ce an makara. Hujjar Metir ko sauraronta ba a yi ba.

A bakin kotu Metir ya kama hannun tela ya ce, "Laifina ne, ban duba da kyau ba. Ka yafe mini." Tela ya ce haka Allah ya so. Ina tsaye a gefe riƙe da baƙar rigar Metir.

Kafin damina Metir ya rufe biro, ya raba dosiyoyinsa ga abokan aiki, ni ma ya nema mini wuri wajen ɗaya daga cikinsu. Sai bayan wata huɗu na iya zuwa lambun. Na same shi zaune a inuwa, na durƙusa na faɗa masa komai, wannan karon ba "wataƙila" ko ɗaya.

 Ya ce, "Na tuna ranar. Na ji wani abu a muryarka, sai na ɗauka tsoronka ne na kullum." Ya shafa fuskarsa. "Ni ma da na buɗe baki na ce muku ba na gani, da ka karanta mini har tambarin. Kai kana jin nauyina, ni ina jin kunyarku, bawan Allah ya rasa gida." Bai yi mini faɗa ba. Ina jin da ya yi, da na fi samun sauƙi.

Yanzu shekarata shida ina aiki. Kowace takarda ta zo, daga ƙasa nake fara karanta ta. Wannan bai mayar wa kowa da gidansa ba.

Tela yana ɗinki a wata rumfa kusa da Babbar Kasuwa, iyalinsa kuwa na ji sun koma Tawa. Na daɗe ina kauce wa layin. Watan jiya ya hango ni ya ƙwala kira, "Ƙaramin Metir!" Ya share mini benci, ya tambayi lafiyar tsohon, ya yi masa addu'a mai tsawo. Ya ce in gaya wa tsohon kada ya sa abin a ransa, ido ba a hannun mutum yake ba.

Na buɗe baki in ce masa ba idon Metir ba ne kaɗai. Sai na ji kaina ina cewa zan isar da gaisuwa. Na isar kuwa. Metir ya tambaye ni, "Ka faɗa masa?" Na ce tukuna.