Wayar Baba a Gindin Mangwaro

A ƙarshen shekarun casa'in, yayana ya aiko wa Baba tarho marar igiya daga Legas. Baba tsohon hedimasta ne, ya yi ritaya daga aji amma bai yi ritaya daga koyarwa ba. Ranar da aka haɗa tarhon a gidanmu na Kafanchan, sai da ya zaunar da ni da Mama a kan benci, duk da cewa ni ma lokacin ina koyarwa a Kagoro.

Ya ce abin kashi biyu ne. Akwatin da ke kan tebur, mai eriya, shi ne uwa, ita ce take haɗe da layi. Wanda ake ɗauka a hannu shi ne ɗa. Suna magana ta iska, a kan tashar da su biyu suka sani. Akwai kuma zango: in ɗa ya yi nisa da uwa, ko bango ya shiga tsakaninsu, sigina ya raunana, sai ƙara ta cika kunne. Da kansa ya auna zangon da ƙafa, ya gano ya ƙare daidai gindin mangwaron bayan gida.

Mama ta ce, "To, Malam, wannan iska taka ce kai kaɗai?"

Ya ce tambayar ba ta cikin darasin yau.

Abin da ban sani ba shi ne idanunsa sun fara yin hazo. Bai so Mama ta ji, don yana tsoron ta hana shi hawa keke da karatun Littafi a coci. Saboda haka duk yamma sai ya ɗauki ɗan ya tafi gindin mangwaro, inda kunnenta ba ya kaiwa, ya yi ta shawara da yayana kan aikin ido. Da yake can ne bakin zango, dole ya ɗaga murya.

Wata Asabar ina gida, sai ga maƙwabcinmu, wani dattijon Bafulatani da ya daɗe da zama a unguwar, abokin Baba na shekaru, rataye da rediyonsa. Ya zauna, ya sha ruwa, ya ce, "Hedimasta, ina neman labaran duniya a can ƙarshen tashoshi, sai na ji ka. Kwana uku ke nan. Yanzu kai ne labaran."

Baba ya ce ba zai yiwu ba, ya fara bayanin tasha.

"Ni ban yi boko ba," in ji dattijon, "amma idon hagu ne, kuma likita ya ce wata mai zuwa. Saniya ma in idonta ya lalace ba a ɓoye wa mai tatsarta. Ka gaya wa uwargida, ko in kunna mata."

Baba ya juya wajen Mama da ke tsince acca a bakin ƙofa. Kafin ya buɗe baki ta ce, "Malam, wata nawa ina faɗa maka lambar waƙa a coci kafin ka duba allo? Ka ɗauka son surutu ne?"

Ita ta raka shi asibiti. Da aka cire bandeji, ta miƙa masa littafin waƙoƙi, ta ce ya nemo lambar da kansa.