Wasiƙar da Na Yanke wa Jela

Ban taɓa haƙurin jin tatsuniya har ƙarshe ba. A ƙauyenmu kusa da Tibiri, in ɗari ya shigo, da an ci tuwo Kaka takan hura wuta da karan hatsi, ta tura gujiya cikin toka, mu kewaye ta. Ba ta iya cewa mutum ya tafi kawai. Sai ta faɗi daga ina, ta wace hanya, da wa.

"Kaka, yanke. Mi ya faru?"

"Ke dai da gudu aka haife ki. Zauna."

Wadda ta fi maimaitawa ta wata yarinya ce da shanun gidansu suka kama mutuwa. Uwarta ta ba ta ƙwaryar nono, ta ce ta kai wa doguwa, wato iskar da ke zaune a tsamiyar bayan tsohuwar rijiya, da hantsi, ita kaɗai. "Kai nono" kawai yarinya ta riƙe. Ta bari sai la'asar, ta kwashi ƙawaye, ta aje ƙwaryar a gindin itacen farko da ta gani. Doguwa ta wuni tana jira. Kafin sati garke ya zama fili. Ni abin da na ɗauka, doguwa ba ta da uzuri.

Shekaru kaɗan bayan samun mulkin kai na gama lakwal, wato makarantar boko, na shiga kwaleji. A ajin Ingilishi, mushe, malaminmu, yakan rubuta jimla a tablo, baƙin allon aji, ya sa mu ja layi ƙarƙashin gungun kalmomin da ke faɗin wuri, ko lokaci, ko da wa aka yi abu: at the well, before noon, with her mother. Na lura ko an cire su jimla tana nan tsaye, sai na sa musu suna jela. In ina karatu tsallake su nake.

Da hutu wasiƙa ta zo daga Kawu Garba da ke aiki a Birnin Kabi. Mai rubutun wasiƙu ya yi masa ita da Ingilishi, shafi biyu. Baba ya miƙo mani a gaban mutane, yana jin daɗi. Na duba sama-sama.

"Yana gaishe ku. Matarsa Hajo na zuwa ran Laraba."

"Shi ke nan? Duk wannan rubutu?"

"Sauran surutu ne, Baba."

Ran Laraba aka share ɗaki, aka dama fura, aka zauna jira. Sai gab da magariba Hajo ta shigo, goye da jariri, tana jan ƙafar da kurkunu ya kumbura mata. Tun safe mota ta sauke ta a Dumega. Ta zauna gindin gawo har azahar tana duban hanya, da ta gaji ta taho a ƙasa.

Na koma ga takardar. Komai na ciki: a Dumega, gindin gawo, da safe, a zo da jaki saboda ƙafarta.

Hajo ta yi wata biyu kwance. Baba bai yi faɗa ba. Wasiƙa ta gaba ya ninke ta ya sa aljihu, sai da ya je Dogon Dutsi wani malamin mishan ya karanta masa.

Da ɗari ya dawo Kaka ta sake ɗauko tatsuniyar. Da ta iso ga tsamiya ta dakata, ta fiddo gujiya daga toka.

"Ko in yanke, 'yar lakwal?"

"Ci gaba."

Yanzu a likita nake aiki, wato asibiti, ina karanta wa mutane takardun magani: bayan abinci, da ruwa, har kwana biyar. Haƙuri dai har yau ban samu ba, marasa lafiya sun san halina. Ban kuma yarda da doguwa ba. Na dai san wadda ta wuni gindin itace tana jira.

Bayan zuwan Hajo, shekara uku Baba bai sake ba ni wasiƙa ba. Ranar da ya ba ni, na karanta masa har adireshin bayan ambulan. Bai ce in yanke ba.