Hannun da Aka Hana Ni

Asubar Asabar muka baro unguwar Moss Side ni da 'yata ta fari, ana yayyafin nan na Manchester da ba ya jiƙa mutum sai dai ya ɓata masa rai. Birmingham muka nufa, wani kulob na masu koyon harbi da ƙaramar bindiga. Ita tana son shiga, ni kuma na biyo ta ne don in gani da idona in ce a'a. Wanda ya kwana a ƙarƙashin gado a Jos yana jin ƙarar harbi ba ya ɗaukar bindiga abin wasa.

Bas ta sauke mu a tashar Oxford Road, muka hau jirgin ƙasa. Shayin cikin jirgi ruwan zafi ne kawai mai tsadar tsiya. Ta taga sai koren fili da tumaki masu ƙiba, ba makiyayi ko ɗaya. Yarinyar ta san abin da ke raina.

Wurin ya ba ni kunya. Na zaci hayaƙi da ƙara, sai na tarar da ɗaki shiru kamar asibiti. Bindigogin iska ne, don doka ta hana ƙananan bindigogi masu harsashi a ƙasar nan. Kowa na tsaye, hannu ɗaya a aljihu, yana saitin baƙin ɗigo a takarda.

Kociyar, wata dattijuwar Baturiya, ta ce in gwada. Na harba da hannun dama, ko takardar ban taɓa ba. Ta lura da hagu nake gyara tabarau, sai ta miƙo mini bindigar ta wannan ɓangaren. Na noƙe. Karɓar abu da hagu, daga hannun babba?

"Baba, ai kai bahago ne," in ji 'yata. "Karɓa, please, ba wanda zai doke ka."

Gaskiyarta. Da muciya kakata ta raba ni da hannun nan tun ina ƙarami. Na karɓa, na riƙe numfashi, na ja kunamar bindigar a hankali. Ƙas! Rami a cikin baƙin. Wallahi sai da idona ya ciko. Na tsaya ina kallon yarinyar tana nata harbin, da wata natsuwa da ban taɓa gani a fuskarta ba.

Mun ci shinkafa da naman rago a wajen Somaliyawa, da hannun dama mana, ban lalace ba. Bayan la'asar muka kamo hanyar gida.

Na koyi cewa tsorona na Jos nawa ne, bai kamata in ɗaure hannun 'yata da shi yadda aka ɗaure nawa ba. Da muka shiga gida uwarta ta tambaya, "To, ka hana ta?"

Na ce, "Asabar mai zuwa ma tare za mu."