Jalilu da Tarihin da Ya Yanka Uku

Duk wanda ya zauna a unguwar Nima ta birnin Ankara ya san Jalilu Braimah, mutumin da idan ka gaishe shi da fara'a sai ya wuni yana tunanin me kake nema a wurinsa. Tun yana ƙarami haka yake. Ko waakye zai saya, wato shinkafa da wake, sai ya tsaya a kan mai sayarwa ya ga an zuba a gaban idonsa. Ba mugu ba ne, zargi ne kawai ya yi masa katutu.

Aikinsa buga takardu ne a wani kamfanin fiton kaya kusa da Kasuwar Makola. A nan ya koyi kwamfuta irin ta da, mai baƙin allo, wadda sai ka rubuta mata umarni take motsi. Da kamfanin ya sake injuna aka bar masa tsohuwa, ya kawo ta gida a tasi, lulluɓe da zane don kada maƙwabta su gani.

Abu ɗaya Jalilu ya so da zuciya ɗaya: hirar tsofaffi. Shekaru ya yi yana bin dattawan Nima da Maamobi, suna ba shi labarin yadda iyayensu suka iso Ankara da fataucin goro da shanu. Ya rubuta a takarda, ya dawo ya buga cikin fayil guda, sannan ya ƙone takardar, wai kada wani ya tsinta ya buga littafi da sunansa. Ta ƙarshe da ya zauna da ita mahaifiyarsa ce, Mma Zuera, kafin rasuwarta.

Yayansa Sumaila, mai shagon ɗinki a Maamobi, ya taɓa ce masa, "Jalilu, ɗakinka yana bakin gwata. Zuba mini duka a faifai in ajiye a sama, chale ɗan'uwana, ruwa ba ya da kunya."

Jalilu ya dube shi sama da ƙasa. Duka? To me Yaya zai yi da duka? Ba shi ne yake abota da wani malamin makaranta ba? Daga ranar Sumaila ya shiga sahun gaba na waɗanda ake sa wa ido.

Amma maganar ruwan ta tsaya masa a rai, sai ya nemo dabara irin tasa. Akwai umarnin da ake kira split, mai yanka fayil gunduwa-gunduwa, da wani cat mai sake haɗa su. Ya rubuta ɗan jerin umarni da zai yanka tarihin uku ya zuba kowane kashi a faifansa. Bai ma bari a yanka a ƙarshen layi ba, da ƙidayar haruffa ya sa a yanka, don kowane kashi ya katse a tsakiyar kalma, kada ya amfani kowa shi kaɗai. Na farko ya ba ƙanwarsa Azara, na biyu ya miƙa wa Sumaila yana ɓata rai. Na uku, mai ɗauke da hirar Mma, ya ce wannan kam ba na hannun kowa ba ne. Ya tura shi cikin akwati ƙarƙashin gado.

Wata damina aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, yana wurin aiki. Kafin ya sami motar haya ta trotro ya iso, babban gwata ya cika ya shiga gidaje. Kwamfutar na kwance cikin laka, akwatin kuma ya sha ruwa har wuya.

Ranar Asabar ya tafi ofis da duka faifan guda uku, Sumaila na biye da shi. Na Azara ya buɗe lafiya. Na Sumaila, wanda ya zo naɗe cikin leda da ƙyallen atamfa, shi ma ya buɗe tsaf, ba a taɓa ko harafi ba, don Jalilu sai da ya duba. Na uku ya shanya shi, ya hura, ya yi bismilla ya saka. Injin ya yi ta ƙara, ya ƙi karantawa.

Ya haɗa biyun da suka tsira, ya gangara ƙasan allo. Ashe farkon hirar Mma ya faɗo cikin kashin Sumaila. Ya karanta a fili: "Ranar da muka sauka Nima ina goye da Sumaila, ubanku ya kama hannuna ya ce mini, Zue"

A nan rubutun ya tsaya.

Sumaila ya matso, idonsa ya kawo ruwa. "Sai me? Me Baba ya gaya ma Mma? Kai ne ka zauna da ita, Jalilu."

Jalilu ya daɗe yana kallon allon. Ya lalubi kansa kaf bai sami komai ba.

"Yaya," ya ce, "wallahi na manta."