Ticha Kwame da Ruwan Wankin Allo

Shekara tara ke nan da aka kashe Ticha Kwame a bakin ƙofar ajinsa a unguwar Moshi Zongo da ke Tamale, ido na ganin ido, a gaban matan da yake sayen kokonsu kowace safiya. Duk shekara nakan tuna da shi a wannan shafi, in faɗi alherinsa in ja bakina in yi shiru. Bana ba haka zan yi ba, domin raina a ɓace yake. Iddrisu mai gyaran babur, mutumin da ya fara buɗe baki a ranar, ya ɗauko ɗansa ya kawo wa 'yata Rahama wai ta koya masa kwamfuta. Na ce mata muddin ina numfashi yaron nan ba zai zauna a ajinta ba. Ta ce in bar ta ta yi tunani. A kan wannan muka yi makonni muna cin tuwon tukunya ɗaya ba ma haɗa ido.

Ga wanda bai san shi ba, Kwame mutumin kudu ne, Kirista. Da ƙuruciyarsa ya zauna a wani gidan ibada na 'yan Katolika, inda maza ke rayuwa ba aure ba dukiya, sai addu'a da aiki. Ciwon mahaifiyarsa ya fito da shi, bai koma ba. Koyar da lissafi ta kawo shi Tamale, ya kama ɗaki daura da gidana. Ni kuwa Larabci nake koyarwa, unguwa na kirana Afa Sule, wato Malam Sule. Hausar Kwame ta kasuwa ce, kowa namiji ne a bakinsa. Sai ya leƙo ya ce, "Afa, Rahama ya dawo makaranta?" In ce masa ni dai mace na haifa. Ya yi dariya, ya ja benci, mu sa hannu a kwanon wake da shinkafa, mu hau gardama.

Ba abin da ya fi so kamar labarin masu ibadar Ingila na can dauri, tun Turawa ba su san bindiga ba. Ya ce a tsibirai masu sanyi suke zama, suna kwafar littattafai da hannu a kan fatar maraƙi. In an shiga ɗakin rubutu ba mai magana. Mai son alƙalami ya yi alama da yatsu, mai son wuƙar kankare kuskure ya yi wata alamar. Na ce masa ai wannan makarantar allo ce, sanyi kawai ya bambanta. Ya ji daɗin maganar har ya tafa mini. Ya kuma ba ni labarin mahara da suka riƙa zuwa ta teku suna yanka su a bakin ƙofa saboda sun zaci akwai zinariya a ciki. Yana faɗa yana suɗe miya a yatsa, ni ma ban ɗauke shi komai ba.

Da ya buɗe ajin kodin, wato rubuta wa kwamfuta umarnin abin da za ta yi, tsarin mutanen nan ya ɗauko. Kwamfuta biyu gare shi, tsofaffi, ga ɗauke wuta ba dare ba rana. Sai ya kafa doka: ba mai taɓa na'ura sai ya rubuta aikinsa da hannu, ya bi shi layi-layi a kansa. Daga Azahar zuwa La'asar ƙofa a rufe, ba surutu, sai alama da hannu. Takarda ta yi tsada, yaran zongo kuma abin da suka sani allo ne, sai suka ɗauko allunansu da tawada. In an tashi, a wanke su duka a babbar roba a bakin ƙofa, ruwan ya yi baƙi ƙirin, a zuba a kwata. Rahama na cikinsu, tana 'yar shekara sha shida, kuma ita ce ta fi kowa rawar kai.

Gardamarmu ɗaya ce kullum, sai dai a canza mata riga. Ni ina cewa ma'anar magana tana cikin zuciyar mai faɗinta, abin da ya nufa shi ya faɗa, da haka aka rene mu. Shi kuwa ya ce a'a. Ya ce kwamfuta ba ruwanta da abin da ka nufa, abin da ka rubuta shi take aikatawa, ko da ya rushe maka aikin wata guda. Ya ce mutane ma kusan haka suke, in kana son sanin ma'anar kalma, ka duba abin da take sa jama'a su yi in sun ji ta. Na ce masa ya mai da 'yan Adam injin niƙa. Ya ce, "Afa, kai ka san zuciyanka. Mu a waje, baki kawai muna ji." Nakan tashi in kakkaɓe rigata in bar masa kwanon, gobe kuma in dawo.

To, mutanen unguwa ga abin da suke gani. Samari da 'yan mata sun shiga ɗakin baƙo an rufe ƙofa. Ba a jin karatu, ba a jin waƙar coci. Wanda ya leƙa ta taga ya ga ana wa juna alama da yatsu, ga alluna cike da rubutun da ba Larabci ba, ba kuma Turancin da ake karantawa ba. Sannan a wanke allon a roba. A wurinmu wa ke wanke allo a mazubi in ba sha za a yi ba? Sai aka fara raɗa cewa 'yan sakawa ne, samarin nan masu damfarar mutane ta intanet da ake cewa suna haɗawa da tsafi da jini. Mun ji, muka yi dariya. Kwame har ya ce da su 'yan sakawa ne da ya sayi fanka.

Ranar wata Talata aka nemi wani yaro ɗan shekara biyar aka rasa. Uwarsa ta zaga unguwa tana kururuwa, ɗankwali a hannu. Ina zaune a ƙofar gida na ga Iddrisu ya miƙe daga rumfarsa, hannu duk baƙin mai, ya nuna ɗakin Kwame. "Ga 'yan sakawa nan. Kullum suna shan rubutu. Ina kuke zaton yaro ya shiga?" Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Kafin in sa takalmi dutse na farko ya fasa gilashin taga.

Abin da ya faru a ciki Rahama ce ta gaya mini daga baya. Kwame ya ɗaga benci ya riƙa dukan ƙarfen tagar baya har ya ɓalle, ya ce ɗaliban su fita ɗaya bayan ɗaya su bi lungu. Tagar ƙarama ce, fitar tana cin lokaci, ga shi ana jijjiga ƙofa. Sai ya buɗe ƙofar, ya fito, ya jawo ta a bayansa, ya riƙe mariƙin da hannu biyu ta baya. Wannan da idona na gani. Ya ce, "Yaro babu a nan. Ku kawo mutum ɗaya ya duba." Wani ya sara masa ƙarfen babur a goshi, fata ta buɗe, jini ya rufe masa ido. Bai saki ba. Aka sa taɓarya a gwiwarsa, na ji ƙarar ƙashin daga inda nake. Ya durƙusa, hannun yana nan a ƙofar. Na kutsa ina zagi, ina kiran mutane da sunayensu da na iyayensu, yaran da na koya wa alifun ba'un. Ɗaya daga cikinsu ne ya karya mini wannan hannun da bulo.

Sai da suka farfasa yatsunsa suka ɓamɓare shi daga ƙofar. Suka ja shi zuwa robar wankin allo, suka danna kansa a ciki suna cewa ya sha, ai ya saba. Suka ɗago shi, suka sake dannawa. Da suka shiga ɗakin ba kowa, sai alluna da kwamfuta biyu da takalmin Rahama ƙafa ɗaya. Ita ce ta ƙarshe, ƙarfen taga ya yage mata cinya, tana kwance a lungu tana jin komai. Haushin rashin samun kowa ya sa suka zuba fetur suka cinna wa ɗakin wuta. Da 'yan sanda suka iso kowa ya koma sana'arsa. Kwame ya cika a bayan mota kafin a kai asibiti. Washegari aka ga yaron a unguwar Gurugu, gidan ƙanwar babansa, ashe bin ta ya yi ta tafi da shi ba ta faɗa wa kowa ba. Ba wanda aka ɗaure har yau.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Tamale ta yanzu. Kodin ɗin da aka kashe shi a kai, yau iyaye rububin sa 'ya'yansu suke yi. Ajin Rahama a unguwar Zogbeli ba ya rabo da jama'a, har da 'ya'yan waɗanda suka ɗauki dutse, mun san su, mun kau da kai. Ina jin zai yi murna da wannan. Amma da ya ga yadda ƙarya ke yawo a waya yanzu, mutum ya yi magana a ɗakinsa ta shiga gida dubu kafin ya kurɓi ruwa, da ya dube ni ya yi murmushin nan nasa mai ban haushi. Ni da shi mun san wanda ya ci gardamar, kuma ba a kan benci aka yanke ta ba.

Ranar da Iddrisu ya zo, a ƙofar gidana ya same ni. Ya tsufa, ya yi furfura, ya rusuna har ƙasa. Ya ce, "Afa, wallahi ni ban taɓa shi ba. Ko tsakuwa ban ɗauka ba. Magana ce kawai ta fito, ban yi nufin a kashe shi ba." Gaskiya ya faɗa, ina wurin, bai ɗaga hannu ba. Shekara talatin da wani abu ina koya wa mutane cewa niyya ita ce komai, ga mutum ya zo ya miƙo mini maganata. Da hannun da bai karye ba na kwaɗa masa mari, hularsa ta faɗa kwata. Na shaƙe wuyan rigarsa ina jijjiga shi sai da maƙwabta suka ɓamɓare ni. Ban yi nadama ba, kada wani ya rubuto mini wa'azi.

Rahama ta gama tunaninta ba ta nemi shawarata ba. Ta aika wa Iddrisu cewa za ta karɓi yaron, da sharaɗi ɗaya: ranar farko shi da kansa zai tsaya gaban aji, ɗansa na zaune, ya maimaita abin da ya faɗa a ranar, da irin muryar da ya faɗa. Na ce ba zai zo ba. Ya zo. Ni ma na je, na tsaya a baya. Ya buɗe baki ya rufe, ya share gumi, ya dubi Rahama ko za ta ce ya isa. Ba ta ce ba. Daga ƙarshe ya faɗa, kalma-kalma. Rahama ta ba yaran labarin abin da ya biyo baya, ba ta rage komai ba, har robar. Ɗan nasa, yaro ɗan sha huɗu, ya ce, "Baba, to da ka faɗa, me kake so a yi?"  Iddrisu ya ɗauki hularsa ya fita, yaron kuma bai bi shi ba.

A hanyarmu ta komawa na ce mata har yanzu ban yarda ba. Ta ce, "Baba, da Ticha ya riƙe ƙofar nan, bai tambayi ɗan wa ke ciki ba." 

Me ya rage na Kwame? Allunan sun ƙone. Dokar shiru Rahama ta yar da ita, ajinta ƙofa a buɗe, hayaniya kamar tashar mota, duk mai wucewa ya leƙa ya ga abin da ake yi. Kabarinsa yana kudu, sau biyu kawai na samu zuwa. Abin da ya rage shi ne yaran da suka fita ta tagar nan, sun girma, wasu sun yi aure sun haifa, da 'yata da ke ɗingishi in damina ta kama. Sai kuma ni, tsoho mai zafin rai, da na daina ce wa ɗalibaina ya isa mutum ya yi kyakkyawar niyya. Ban yafe wa Iddrisu ba, ban kuma ga ranar da zan yafe ba. Ɗansa yana layin gaba, Rahama ta ce kansa na ja, bai taɓa makara ba. In na je ajin yakan taso ya rusuna ya gaishe ni, kuma har yau sai na yi da gaske nake iya amsawa.