Sunan da Ke Bangon Littafi

A tashar Bodinga, cikin motar Shagari da ta ƙi cika, Madina, ɗalibar jami'a mai komawa gida hutu, tana kallon matar da ke gefenta. Matar za ta yi shekara arba'in da ɗoriya, siririya ce mai tabarau, lallen hannunta ya soma koɗewa. A cinyarta akwai kwali cike da sababbin littattafai iri ɗaya, ta hana a kai shi bayan mota.

Tana ɗauko su ɗaya bayan ɗaya. A bangon kowanne an buga "Shatu Abdulganiyyu". Sai ta ja layi da biro a kan suna na biyu, ta rubuta "Bello" a samansa.

Madina tana ayyanawa a ranta: wataƙila da goyo matar ta yi digirinta, wataƙila da sunan miji makaranta suka san ta, Bello kuwa mahaifinta ne.

"Anti, masu bugawa sunka yi kuskure?"

Matar ba ta ɗago ba. "A'a, ɗiyata. Ranar da nik kai musu, daidai na."

Ta ɗauko na gaba.