Macijin da Ke Kwance Ƙarƙashin Raken Iya

Har yau, in na sayi rake a bakin titi, ba na kai shi baki sai na sansana. Wasu masu sayarwa su yi dariya, wasu su ɓata rai. Ba na yi musu bayani, domin bayanin dogo ne, kuma daga murhun kakata yake farawa.

Iya muke ce mata, ita ta haifi Baba. Ƙauyenmu yana tsakanin Kudan da Likoro, a gefen wata fadama da ke zama kore shar ko da rani ya ƙone duk abin da ke tudu. Lokacin yankan rake, in an matse a inji, sai a kawo mata nata ruwan gida. Bayan magariba ta zuba shi a ƙaton kasko, ta hura wuta da busasshiyar tukar rake, ta yi ta juyawa har ya yi kauri ya zama mazarƙwaila. Ni da ƙanwata Ladidi da 'ya'yan maƙwabta mu kewaye wutar, ƙamshi yana shiga mana har cikin gashi. Ladan zamanmu biyu ne: ƙanzon kasko da tatsuniya.

"Ke sarauniyar kallon sama," in ji ta, in ta ga na saki baki ina bin tartsatsi da ido, "rufe bakin nan kafin sauro ya yi ɗaki a ciki. To, ga baƙuwa nan ta yi sallama."

Mu ce, "A shimfiɗa mata tabarma!"

Haka take buɗe tata tatsuniyar. In ta ƙare kuma ta ce, "Baƙuwa ta naɗe tabarmarta," kowa ya watse.

Raken Iya ba irin na kowa ba ne. Fari ne, mai laushi, tsohon da haƙoransa suka zube ma yana iya shan sa. Da shi ta zo daga gidan mahaifinta a Likoro lokacin da aka kawo ta amarya, shi ya sa ake kiransa ɗan Likoro. Duk shekara in an yi yanka sai ta ware kawunan da suka fi kyau, ta ɗaure su dami, ta binne a wuri mafi laima kusa da rijiyar gonarta, su jira lokacin dashe. Ba ta taɓa barin irin ya yanke ba.

Baba kuwa ɗan farinta ne, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta zama inda ya zauna, ba ta yi masa magana kai tsaye. In tana da saƙo sai ta ce, "Ku gaya wa wancan akuyarsa na cin zana," alhali yana tsaye yana ji. Mun taso mun tarar da abin a haka, kamar yadda muka tarar da bututun mai da ya ratsa ƙarƙashin fadamarmu ya nufi arewa. Ba mu taɓa ganin bututun ba. Turakun ƙarfe kawai muke gani jefi-jefi, fentinsu ya kankare, awaki na soshe-soshe a jikinsu.

Ina firamare aka wayi gari ruwan rijiyar Iya ya yi wata irin fata mai launi-launi. Na tsuguna a baki na daɗe ina kallo, na ce bakan gizo ne ya faɗo ya kasa fita. Wani ya tsoma tsumma ya ƙyasta ashana, tsumma ya kama ci bal-bal. Kananzir ne.

Kafin la'asar maza sun taru. Wasu suka ce arziki ne ya ɓullo, mu ma mai ya fito a ƙasarmu kamar na kudu. Waɗanda suka san bututun ne ya yoyo suka ce a dai yi shiru, don in masu shi suka ji, ko su killace fadamar, ko su ce mu muka huda. Aka tsaya a kan shiru. Da yake rijiyar a gonarmu take, Baba ya zama mai raba wa mutane. Da ludayin duma ake kwashe saman ruwan, a tace da ƙyalle, a ɗura a kwalabe da jarkoki. Gidan da a da ake kashe fitila da wuri don tattali, yanzu har bayan ɗaki da aci-balbal.

Iya kaɗai ta hana a kunna mata. Ta ce hasken murhunta ya ishe ta.

A cikin kwanakin nan ne ta yi mana wata tatsuniya da ba mu taɓa ji ba. Ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba, ta juya fuskarta wajen zanar da ta raba mu da inda Baba ke zama da sabuwar fitilarsa.

Wai wani baƙo ne ya zo wani gari yana jan ƙaton maciji, wanda kansa ke gabas wutsiyarsa ke yamma. Ya ce wa mutanen garin, "Ku bar shi ya kwanta ƙarƙashin gonakinku. Ba ya ci, ba ya sara, baƙin nono kawai yake kai wa wani sarki mai nisa." Suka ce to. Aka binne maciji, baƙo ya tafi bai sake leƙowa ba. Shekaru suka wuce, maciji ya tsufa, fatarsa ta tsage, baƙin jini ya fara tsatsafowa. Kwaɗo ne ya fara ɗanɗanawa. Ya fito ya je zauren mai gari ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwa ya yi ɗaci." Aka yi masa dariya, domin an gano jinin nan yana ba da haske, kowa ya cika ƙoƙonsa. Kwaɗo ya kwashe 'ya'yansa ya bar garin. Balbela ta bi shi. Ita kuwa tana, tsutsar nan ta laima, ta nutsa can ƙasa ba ta dawo ba.

"Sai mutum ya kunna fitila," in ji Iya, tana buga muciya a bakin kasko, "ya zauna yana kallon rijiyarsa tana ci da wuta, yana cewa Allah ya kawo haske!"

Ladidi ta ce, "Iya, to mai macijin fa?"

"Yana can yana shan ruwa mai sanyi."

"Ba a doke shi ba?"

"Wa zai doke shi, 'yar nan? Ko hanyar gidansa ba su sani ba."

Muka jira ta ce baƙuwa ta naɗe tabarma. Ba ta ce ba. Ta sauke kasko ta shige ɗaki. Ta bayan zana na ji Baba ya yi gyaran murya, ya rage lagwanin fitilarsa, amma bai kashe ba. Washegari aka ci gaba da kwasa.

Haka ta yi ta maimaita tatsuniyar nan, har yaran maƙwabta suka gaji suka daina zuwa. Kukan kwaɗi ya ɗauke daga fadama. Mazarƙwailar da aka kai kasuwar Makarfi aka dawo da ita, masu saye sun ce warin kananzir take. Fatar hannun Ladidi ta yi ƙuraje.

Da lokacin dashe ya zo, na raka Iya ta tono irinta. Wurin da ta zaɓa don ya fi ko'ina laima, nan man ya fi taruwa. Ta jawo damin farko, ya fito baƙi, yana naso. Ta karya gaɓa ɗaya, idon da ya kamata ya tsiro ya ruɓe. Ta karya wata, ta karya wata. Ba ta bar ko ɗaya ba ta duba ba. Baba yana bakin rijiya da ludayi a hannu, maza kewaye da shi.

Iya ta miƙe. Ta dube shi ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba.

"Haruna!"

Wani dattijo ya sunkuyar da kai kamar an tuɓe a gabansa. Ludayin ya suɓuce daga hannun Baba ya faɗa rijiya.

"Haruna, ka je ka kira mai macijin."

A ranar ya hau keke ya tafi hedkwatar ƙaramar hukuma ya faɗa.

Masu bututun sun zo, bayan an daɗe ana jira. Farar mota, hulunan kwano, takalma masu tsawo don kada ƙasarmu ta taɓa su. Da aka tone bututun kowa ya gani da idonsa: tsatsa ta cinye shi, yana ɓarewa kamar ƙanzo. Amma abin da babbansu ya fara tambaya shi ne, "Wa ya huda?" Suka ga jarkoki a zaurenmu, suka tafi da Baba, sai da dattawa suka yi ta sintiri kafin a sake shi. Suka liƙe bututunsu, suka shafa masa baƙin fenti kamar mai lallashin jariri, suka mai da ƙasa. Ba wanda ya leƙa rijiyar. Iya ta tsaya a hanyarsu da baƙin rake a hannu, ɗaya ya ce, "Mama, za mu dawo mu wanke wurin." Ya zagaye ta ya shiga mota.

Iya ta rasu tana jira. Mata suka koma ɗebo ruwa daga wata unguwa mai nisa. Samarin da suka gaji noman rake daga iyayensu suka watse zuwa Zariya yin acaɓa. Baba, mai gonar kansa, ya koma ƙwadago a gonakin mutane. An nemi ɗan Likoro har a Likoron, ba a samu mai shi ba.

Da ina ƙarama na ɗauka da Baba Iya take a tatsuniyar, da ludayinsa da fitilarsa, na kuma daɗe ina jin haushinsa. Sai da na girma, na yi karatu, na ga hotunan garuruwan kudu inda kogi guda ya zama baƙi, masunta na tsaye da komarsu ta kamun kifi babu ko ɗaya a ciki, sannan na gane inda fushina ya kamata ya sauka. Talakan da bai taɓa samun komai daga abin da ke wucewa ƙarƙashin ƙafarsa ba, ya ga ɗigo ya tara hannu: ya yi kuskure, ya kuma biya da gonarsa. Wanda ya binne ƙarfe ya tafi ya bar shi ga tsatsa, me ya biya? Tsohuwa ta karya kunyar da ta riƙe tun ranar da ta fara haihuwa, ta kira sunan ɗanta a gaban maza don a kira masu bututun, suka zo suka gaida bututu suka wuce ta.

Bana da damina na je gida. In ruwa ya sauka, warin yana tasowa daga fadamar har yanzu. Da yamma 'ya'yan Ladidi suka ce in yi musu tatsuniya, na yi musu ta maciji. Da na kai inda Iya ke tsayawa na yi shiru, babbar ta ce, "Inna, ba ki naɗe tabarmar ba."

Na ce, "Bar ta a shimfiɗe. Sun ce za su dawo."